Tsohuwar Filta a Sabon Kwali

Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'ya'ya a makaranta, kuma ba su suka yi abin da na yi ba. Wanda ya san ni a tashar Wurno ko ta Goronyo zai gane ni tun kafin ya kai rabin labarin nan. Wanda bai san ni ba kuwa, sunan ba zai ƙara masa komai ba. Da ku samari nake magana, musamman masu koyon kanikanci, waɗanda ƙarƙashin farcensu ya riga ya yi baƙi irin nawa.

Ni ɗan manoma ne daga Sisawa. Gero da dawa muke nomawa, kuma ban taɓa kwana da yunwa a gidanmu ba, don haka kada wani ya tausaya mini ya ce talauci ne ya ja ni. Abin da ke akwai shi ne tun ina ƙarami ba ni da haƙurin gona. Mota na wucewa zan saki fartanya in bi ta da ido har ta ɓace. Da mahaifina ya gaji da faɗa, sai ya kai ni Wurno wajen ƙanen mahaifiyata, Kawu Arzika, wanda ke da gareji kusa da tasha.

Kawu Arzika ba mai yawan magana ba ne, kuma ba mai saurin aiki ba. Direbobi har tsokanarsa suke yi, wai kafin ya gama wa mota ɗaya juye wani ya je Sakkwato ya dawo. Juye, wato zubar da tsohon baƙin man inji a zuba sabo, aiki ne da yawancin kanikawa ke rainawa. Shi kuwa da kansa yake yi. Sai inji ya yi ɗumi zai kwance notin ƙasa, ya bar man ya tsiyaye a daro har ɗigon ƙarshe, ya cire tsohuwar filta, ya lakato sabon mai da yatsa ya shafa wa robar sabuwa, sannan ya ɗaura ta da hannu. Ba ya sallamar mota sai ya tayar da ita ya ga fitilar mai ta mutu, ya leƙa ƙasa ya tabbata babu yoyo.

Wata rana ya ce in miƙo masa filta, na ɗauko wadda hannuna ya fara kaiwa gare ta ban ko duba ba. Bai yi mini faɗa ba. Zarto ya ɗauka ya yanka filta uku a kan benci, ya jera mini su.

"Yaka ka gani," in ji shi. "Wagga ita at ta ƙwarai. Ji nauyinta, dubi yadda anka ninke takardar ciki, ga yawa ga kauri. Ita ka tare dattin da ka cin inji. Wagga kau sabuwa ta, amma ba ta da nauyi, takardar kaɗan ta. In mai mota bai da ƙarhi sa mai ita, amma ka hwaɗa mai gaskiya, shi dawo da wuri."

"Ta ukkun hwa, Kawu?"

"Wagga ta yi aikinta ta gama. Gawa ta. Ba a maido gawa gida."

Na leƙa cikinta na ga takardar ta yi baƙi ƙirin, ta cushe da laka da ɓurɓushin ƙarfe. Na gane sarai, kuma ina so ku riƙe wannan: duk abin da na yi daga baya, da sanina na yi shi.

Akwai wani ƙarfe da Kawu ya haɗa da kansa don kwance filta, sarƙar babur ce ya yi mata walda a jikin mariƙi. Idan ta kama filta sai ta bar mata sawun haƙora uku a jere. Kwancewa kawai ake yi da shi, ba a taɓa sabuwa da shi. Ranar da ya yaye ni, wannan ƙarfen ya ba ni tare da 'yan sufanu, ya sa mini albarka. Na kafa rumfata a Goronyo, bakin tasha, inda motocin albasa da tumatir ke lodi. Ban sha wahalar samun masu kawo aiki ba, domin ko'ina cewa ake yi yaron Arzika ne.

Ɓarnata da ƙaramin abu ta fara, abin da ko sunan sata ban ba shi ba. Yawancin ƙananan motoci ba sa shanye galan guda, sai an yi ragowa, kuma ragowar ta mai mota ce, ya ajiye don ciko. Ni kuwa sai in tura galan ɗin ƙarƙashin benci da ƙafa ina jan mutum da hira. Wanda ya tuna in miƙa masa ina dariya, wanda ya manta shi ke nan. Ragowa kan ragowa sai ga galan ya cika, in sayar wa wani a matsayin sabo. Na ce wa kaina ai idan ɓera da sata daddawa ma da wari, wa ya ce su manta?

Maƙwabcina a tasha wani mai fentin mota ne, Sambo. Mutum ne mai daɗin baki, idan yana ba ka labari sai ka manta ana jiranka. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ni kuwa a rumfarsa nake cin abincin rana kullum. Wata rana ya zagaya bayan rumfata ya ga tsofaffin filtoci jibge, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya ta.

"Kai dai wawa na," ya ce. "Arziki kaka zubarwa bayan ɗaki."

"Mi za a yi da tsohuwar hilta?" na tambaye shi.

"Wa ka leƙa cikinta? Mai mota kwali yaka gani, sai henti. Kai wanke, ni in hesa, a raba."

Na yi dariya na ce Allah ya tsare. Amma daga ranar na fara buɗe kwalin sabuwar filta a hankali, ba na yaga shi, ina ɓoyewa. Ban yanke shawarar komai ba tukuna, hannuna ne ya riga ni.

Ba a daɗe ba muka fara. In wanke tsohuwa da fetur in shanya, Sambo ya fesa mata fenti ta fito tana ƙyalli, in sa ta a kwali. Ta farko a motar wani baƙo mai wucewa na ɗaura ta. Na yi zaton kafin ya fita gari motar za ta tsaya. Ya tafi lafiya lau, har yana ɗago mini hannu. Mugun abin da ke cikin wannan cuta ke nan, ba ta nuna kanta a ranar. Wanka na waje ba ya maido da takardar da ta ruɓe. Dattin yana wucewa yana cin inji a hankali, sai bayan watanni injin ya buga, wato ya lalace, a wani gari mai nisa, mai mota ya ce ƙaddara ce ko tsufan inji.

Da na ga ba abin da ya faru, sai tsoro ya fita daga raina. Tsohon man juye da nake sayar wa mutanen ƙauye suna shafa wa azara don gara, ko ƙafar amalanke, na daina sayarwa. Sai in bar shi ya kwanta a duro, in tace, in gauraya da sabo mai araha in ɗura a galan. Na fara kai kaya kasuwannin Rabah da Rara, inda masu babur da masu injin ban-ruwa da direbobin ƙauye ke saye suna gode mini da sauƙin farashi. Na sayi babur, na yi aure, na daina sa kayan aiki sai riga mai guga. Mutane suna cewa Allah ya buɗa masa, ni kuma ina amsawa da alhamdu lillahi, ban ji harshena ya yi nauyi ba.

Yanzu sai in kawo ku kan Labbo. Labbo mutumin Kagara ne, abokina tun ina garejin Kawu shi kuma yana yaron mota. Kwano ɗaya muka ci a lokacin da ba mu da komai. Da mahaifinsa ya rasu ya gaji fadama mai kyau, sai ya sayar da ita ya sayi tsohuwar a-kori-kura. Danginsa duka sun hana shi, sun ce ƙasa ba ta lalacewa amma ƙarfe yana lalacewa, ya ƙi ji. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa. Da ita yake ciyar da mahaifiyarsa da matarsa da ƙannensa, kuma da ita yake so ya nuna wa dangi bai yi wauta ba.

Shi ya sa yake lallashinta kamar jinjiri. Lokacin juye ba ya wuce shi. Filta ma ba ya saye a ko'ina sai a Sakkwato, wajen wani dattijo mutumin ƙasar Zuru da direbobi ke kira Baba Mai Filta, wanda aka shaida ba ya ajiye jabu. Labbo zai zo da filtarsa da galan ɗinsa ya ajiye a kujerar gaba, ya jefo mini mabuɗi ya tafi cin tuwo. Al'adar direbobi ita ce mutum ya tsaya a kan motarsa, ya ɓalle murfin galan da hannunsa, ya ga an zuba. Labbo bai taɓa tsayawa ba. Wani direba ya taɓa yi masa magana a gabana, ya ce, "Haba, in tsaya bisa kan ɗan'uwana kamar ɓarawo? Ina jin kunya."

Da farko na ware shi. Ina cutar duniya amma ban da Labbo, har ina jin kaina mutumin kirki saboda haka. Sai wata rana, Labbo ya tafi cin abinci, wani ma'aikacin asibiti daga Rabah ya tsaya da mota mai irin injinsa, ya ce filta ta asali yake so ko nawa ce. Ba ni da ita. Ga ta Labbo a kujera, ga kuma irinta fentin Sambo a ƙarƙashin benci. Ban ɗauki lokaci ina tunani ba, wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro idan na tuna. Na musanya su, na ce sau ɗaya ne, juye na gaba zan gyara masa. Juye na gaba ya zo na sake, har da man na musanya.

Allah ya ba ni ƙofar fita, ni na rufe ta. Wata safiya Labbo ya tsaya a rumfata da lodin tumatir na manoman Kagara, yana sauri ya kai Sakkwato kafin rana ta yi zafi.

"Dubo min wagga hitilar mai," ya ce. "Tun jiya takan kawo ta ɗauke, kuma ina jin wata 'yar ƙara."

Na san abin da fitilar ke faɗa, mai ne ba ya hawa yadda ya kamata. Abin da ya dace in ce masa kashe motar nan yanzu, a sauke kaya. Amma idan na kwance filtar a gabansa me zai gani? Na buɗe gaban motar, na ce masa waya ce ke taɓawa, na sa hannu na zare wayar gaba ɗaya. Fitila ta mutu. Ya yi murmushi ya ce Allah ya bar zumunci, ya ja mota.

Bai kai Achida ba injin ya buga. Kuma wa ya fara kira? Ni. Na hau babur na same shi a bakin hanya da tsakar rana, zaune a gindin taya, ruwan tumatir ya fara ɗiga daga kwanduna. Na zaro sandar awon mai na murza a yatsa, na ji tsakin ƙarfe, na kaɗa kai kamar mai mamaki. Kafin a samu motar da za ta kwashe kayan, rabinsu ya narke. Masu tumatir suka taso masa, wasu har gida.

Aka ja motar zuwa Achida, wani bakanike ya buɗe injin ya ce ya tashi daga aiki. Ya yanka filtar, takardar ciki ta zubo kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Ya ce wa Labbo wannan ba sabuwa ba ce, tsohuwa ce aka yi wa fenti. Labbo ya juyo ya dube ni. Na ce a raina yau asirina ya tonu.

"Ka gani ko?" ya ce mini. "Tsohon ga na Sakkwato ya cuce ni. Ni da nika barin kowa in tai wurinai!"

Ko a mafarki bai kawo ni a ransa ba. Ni kuwa na buɗe baki na ce, "Mutanen birni ba su da tsoron Allah." A duk abin da na aikata, wannan maganar ce ta fi ci mini rai.

Washegari ya tara direbobi suka nufi shagon dattijon, kuma da ni aka je, domin idan na ƙi za a tambayi dalili. Shago ne ɗan ƙarami, tsohon yana zaune a kan benci da tabarau. Labbo ya jefa masa yankakkiyar filtar a cinya, kafin ya gama dubawa ya ɗauke shi da mari. Hularsa da tabaransa suka faɗi ƙasa a gaban 'yan kasuwa. Bai rama ba, bai ɗaga murya ba. Ya lalubo tabaran ya mayar, ya sake duba filtar ya ce, "Ɗana, wannan ba tawa ba ce. Ban taɓa sayar wa kowa irin wannan ba." Aka yi masa ihu, ana kiransa tsohon banza, macuci. Ina can bayan taro na harɗe hannu. Labari ya bazu a tashoshi, direbobi suka ƙaurace wa shagonsa.

Na ɗauka an wuce wurin, ashe rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Labbo ya je Wurno wajen Kawu Arzika ya tambaye shi ko injin zai tasu da ɗan abin da ya rage masa, ya kuma nuna masa filtar. Kawu ya ce ya bar masa ita. Da yamma ya aiko a kira ni. Na same shi shi kaɗai a gareji, ya kankare fentin da wuƙa a gefe ɗaya. Ga sawun haƙora uku a jere, a ƙarƙashin sabon fenti.

"Wanga haƙorin wane ƙarhe na?" ya tambaye ni.

Bai jira amsata ba.

"Ni na haɗa shi, kuma mutum guda nib baiwa. An kwance ta da shi, sannan anka hesa mata henti." Ya ajiye wuƙar. "Tahi ka hwaɗa ma Labbo da bakinka, kahin in hwaɗa mai da nawa."

Na ce to. Na fita ina kuka, kuma kukan gaskiya ne, amma ba Kagara na nufa ba. Na kwashe sauran kayan da ke rumfa na kai kasuwar Rabah, da niyyar in sayar in yi nisa. Kawu ya jira ni, da bai ji komai ba ya cika maganarsa. A tsakiyar kasuwa direbobi suka ritsa ni da kwalaye a gabana. Suka yanka ɗaya, suka yanka ta biyu, ba su buƙaci ta uku ba. Ba don 'yan sanda sun zo da wuri ba da ba ni ke ba ku labarin nan ba. Sambo kuwa ko ƙurarsa ba a gani ba, har yau.

A kotu Kawu ne ya ba da shaida a kaina. Ya tsaya ya yi bayanin sawun ƙarfen dalla-dalla, bai dube ni ba ko sau ɗaya. Labbo yana zaune a baya, ya sunkuyar da kai kamar shi ake wa shari'a. Alƙali ya ɗaure ni 'yan shekaru.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Zafi ne da ƙaiƙayi da wari, da abincin da ake ci don kada a mutu. Matata ta kwashi yara ta koma gidansu. Mahaifina bai taɓa zuwa ba, ya ce ba shi da ɗa a can. Mahaifiyata ta rasu ina ciki, sai bayan an yi sadakar bakwai labari ya iso ni. Na yi baƙin ciki irin wanda ban san akwai shi ba. Amma abin da ya karya ni shi ne hirar wani ɓarawon awaki da muke ɗaki ɗaya. Wani malami da ke zuwa yi mana wa'azi ya ce Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma hakkin mutum sai mutumin ya yafe. Ɓarawon nan ya ce shi da sauƙi, gida huɗu ne, yana fita zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya juyo ya ce, "Kai fa?" Na fara tunano fuskokin kasuwar Rara da Rabah, masu babur da masu injin ban-ruwa da baƙi masu wucewa. Ban san sunayensu ba, ban san garuruwansu ba, ban san wanda shukarsa ta bushe don injinsa ya mutu a tsakiyar rani ba. Ɓarawon akuya ya fi ni sanin inda zai dosa.

Da aka sake ni, Wurno na fara zuwa. Kawu ya tsufa, garejin ya yi shiru, domin mutane sun ce wanda ya yaye macuci ba a rasa shi da wani abu. Na durƙusa a gabansa.

"Nawa na yahe," ya ce. "Amma ba ni kac ci ba. Ka san hanyar Kagara."

A fadama na sami Labbo. Motar tuni aka sayar wa 'yan gwangwan, abin da aka samu ya tafi wajen masu tumatir. Ƙodago yake yi, yana ban-ruwan albasa a gonar wani. Ya rame, gemunsa ya yi furfura, ƙafafunsa sun tsattsage. Na yi sallama, ya amsa bai daina jan tiyo ba. Na faɗi abin da ya kawo ni, na faɗi komai, har wayar da na zare, wadda ko a kotu ba a sani ba. Sai a nan ya tsaya.

"Mota ƙarhe ta," ya ce. "Da ita kaɗai ta, da na yahe ma tun kana ciki. Amma ni na ɗaga hannun ga na mari sa'an ubana cikin kasuwa, mutumin da bai ci min komi ba, kana tsaye kana kallo. Kullum nis sa goshi ƙasa sai na ga hulatai tana hwaɗuwa. Na koma neman shi, an ce ya ruhe shago ya tahi. Ban da kuɗɗin motar bin sawunai. Kai tahi ka nemo shi, ka hwaɗa mai gaskiya, ka roƙo min gahwaratai. Ran da kaz zo min da ita, ni kau in ba ka tawa."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na je Sakkwato na tarar mai sayar da caja da murfin waya ne a shagon. Maƙwabta suka ce bayan abin da ya faru ciniki ya tsaya masa cak, ya yi ta zama shi kaɗai har kaya suka yi ƙura, daga baya ya karyar da su ya koma gida. Na tambayi sunansa na gaskiya, aka dubi juna. Shekara da shekaru yana cikinsu, Baba Mai Filta kawai suka sani. Na tara ɗan abin da na samu na je har Zuru, na tarar ba gari ɗaya ba ne, ƙasa ce mai ƙauyuka birjik a cikin duwatsu. Na bi tashoshi da shagunan kayan mota, na tambaya a masallatai da majami'u. Wani ya ce kamar ya rasu, wani ya ce kamar yana wajen ɗansa a kudu, wani ya ce bai taɓa jin mai irin wannan suna ba. Na dawo hannu rabbana.

Yanzu gyaran injin ban-ruwa nake yi a ƙarƙashin wani, a bakin fadamar Wurno. Ba mai ba ni mota, kuma ban ga laifin kowa ba. Matata ta dawo don yara. Na tuba, kuma ina roƙon Allah ya karɓa, amma ban san matsayina ba, domin alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Nakan haɗu da Labbo a kasuwa, mu gaisa, ya dube ni, in girgiza kai, ya wuce.

Ku samari, ga abin da nake da shi. Ragowar man da ke cikin galan ba taku ba ce, ku miƙa wa mai ita ko bai tambaya ba. Tsohuwar filta ku huda ta da ƙusa a gaban mai mota, kwalinta ku yaga, kada ku bar wa Shaiɗan kayan aiki a bayan rumfa. Idan mai araha ce a hannunku ku ce mai araha ce, ba wanda ya taɓa shiga kurkuku don ya faɗi haka. Wanda ya jefo muku mabuɗi ya juya baya, ku fi jin tsoronsa a kan wanda ya tsaya a kanku, domin shi ya bar wa Allah tsaron. In kuwa kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun tana kanku ku kaɗai. Ni da na buɗe baki a Achida, da mota kawai aka rasa.

Abu na ƙarshe roƙo ne. Ƙila a cikinku akwai wanda ya san wani tsoho a ƙasar Zuru, ko 'ya'yansa, wanda ya taɓa sayar da kayan mota a Sakkwato ya dawo gida ba ya son a tayar da zancen. Idan yana raye, ku gaya masa wanda ya mare shi bai ƙara samun natsuwa ba, yana roƙon gafararsa. Idan ya riga mu gidan gaskiya, ku gaya wa 'ya'yansa ubansu bai yi ƙarya ba. Filtar ba tasa ba ce. Tawa ce, kuma ina wurin lokacin da aka mare shi.